Sabon Irin Masara Ya Fi Na Da, Amma da Wane Mudu Aka Auna?

 A yau za mu yi sharhi ne a kan wata magana da ta shafi tukunyar tuwo da aljihun manomi baki ɗaya, wato yadda masu ilmin aikin gona suke auna ci gaban da suke cewa sun samu wajen fito da sabbin irin masara masu aure, waɗanda ke jure fari da wuta-wuta da ƙarancin taki.

A watan Janairu na shekarar 2024, hukumomin Najeriya sun amince a fara sayar wa manoma wasu irin masara guda huɗu da ake kira TELA, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi aikinsu tare da abokan hulɗarta. An yi ta muhawara a kansu sabo da an sauya musu ƙwayoyin halitta, amma ba wannan muhawara ce ke gabanmu a yau ba. Abin da ke gabanmu shi ne wani adadi da ya yi ta yawo a jaridu da gidajen rediyo, cewa irin zai iya ba da tan 10 a hekta ɗaya, wato buhu 100 ke nan. To, a ƙasar da matsakaicin abin da manomi ke samu bai wuce tan 2 ko kusa da haka ba, wato buhu 20, duk wanda ya ji buhu 100 dole ya kasa kunne.

Sai dai kuma, jama'a masu sauraro, kalmar nan ta "zai iya" tana da faɗi. Kusan duk wani sabon iri da aka fitar, da irin wannan adadi ake rako shi. Manomin Giwa ko Funtuwa ko Saminaka ko Doguwa da zai sayar da akuya ya sayi iri, da kuma ku 'yan uwanmu da ke saurarenmu daga unguwar Hindawiyya a Makka, waɗanda da yawanku kuke aika kuɗin iri da taki gida in damina ta ƙarato, ba abin da iri zai iya yi a gonar gwaji ne ya dame ku ba. Abin da kuke son sani shi ne, shin wannan iri ya fi wanda ake shukawa a gidanmu yanzu? Da buhu nawa ya fi shi? Kuma in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, zai tsaya ko zai kwanta?

Kafin mu shiga batun awo, bari mu ɗan waiwaya baya. Shekaru hamsin da suka wuce, masara a ƙasar Hausa abar bayan gida ce, ana shuka ta kusa da danga a gasa a ci kafin gero ya nuna. Daga tsakiyar shekarun 1970 ne al'amarin ya sauya, lokacin da aka kafa shirye-shiryen bunƙasa aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya, aka kawo farar masarar nan mai suna TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan, ga kuma takin zamani mai rahusa. A farkon shekarun 1980 aka fito da masara mai aure ta farko a Najeriya. Daga baya aka samu mai saurin nuna cikin kwana 90 zuwa 95, da wadda ta fi ta sauri mai kwana 80 zuwa 85, waɗanda suka sa masara ta kutsa har Kano da Katsina da Jigawa, inda damina take gajera. Sa'an nan daga shekarar 2007 zuwa 2015, cibiyar IITA da takwararta CIMMYT mai hedkwata a ƙasar Meziko suka gudanar da wani babban shiri na samar da masara mai jure fari a ƙasashe 13 na Afirka, ciki har da Najeriya da Ghana da Benin da Mali, kuma wani shirin ya ɗora a kansa daga shekarar 2016. An kashe kuɗi masu yawa, an fitar da iri masu yawa. Sabo da haka tambayar ko an ci gaba, da kuma nawa aka ci gaba, tambaya ce da ta dace a yi.

To, ta yaya ake aunawa? Mai sauraro zai ce ai abu ne mai sauƙi, a duba abin da aka girbe bana a kwatanta da na shekara ashirin da suka wuce. A haƙiƙa dai ba haka ba ne. In amfanin gona ya ƙaru, wa ya san ko iri ne, ko taki, ko ruwan sama, ko maganin ciyawa? In kuma ya ragu, mai yiwuwa irin ya inganta amma ƙasar ce ta gaji. Dole a ware rabon iri daga rabon sauran abubuwa.

Dabarar da aka fi sani ita ce a tattaro iri na zamani daban-daban, na kaka da na uba da na jika, a shuka su gefe da gefe a gona ɗaya, a rana ɗaya, da taki ɗaya. Bayan girbi sai a jera su bisa shekarar da aka fitar da kowanne, a ga da kilo nawa amfanin yake ƙaruwa a kowace shekara. Wani masani ɗan Amurka mai suna Donald Duvick, na kamfanin iri na Pioneer, shi ya shahara da wannan aiki. Ya yi shekaru yana shuka masara masu aure tun daga na shekarun 1930 har zuwa na farkon wannan ƙarni a jihar Iowa. Ya gano cewa rabi ko fiye na ƙaruwar amfanin masara a Amurka daga ingancin iri ya fito. Amma abin da ya fi ba da mamaki shi ne, in aka ba kowane tushe fili ya wala, tsohon iri da sabo ba su da wani bambanci mai yawa. Sai an cunkusa su ne bambanci yake fitowa. A shekarun 1930 manomin Amurka tushe kimanin dubu 30 yake shukawa a hekta, daga baya ya kai kimanin dubu 80. Wato ke nan sabon iri bai fi na da girman goyo ba, ya fi shi juriya ne a lokacin da ake gasar ruwa da haske da taki. Hausawa dai sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wannan darasi ya sa manazarta suka fara ƙirƙirar wahala da gangan domin su tantance iri. Ku saurari yadda ake yi a Najeriya. In ana son gwada jure fari, ba a jiran damina, domin ruwan sama ba ya bin umarnin kowa. Ana shuka ne da rani, a wurare kamar Ikenne ta jihar Ogun, ana yin ban ruwa na 'yan makonni, sa'an nan a rufe famfo, yadda ƙishirwa za ta kama masarar daidai lokacin da take fure. An zaɓi wannan lokaci ne domin a nan ne fari ya fi yin ɓarna. Furen da ke saman kan masara yana zubar da garinsa cikin 'yan kwanaki kaɗan, kuma dole gemun da ke jikin goyo ya fito a cikin waɗannan kwanaki ya karɓa. In ƙishirwa ta yi yawa, gemu yakan makara, ya fito bayan gari ya ƙare, sai a ɓare goyo a tarar da totuwa ba ƙwaya. Sabo da haka masu bincike suna ƙidaya kwanakin da ke tsakanin fitowar biyun, su zaɓi irin da tazararsa ba ta da yawa.

In kuma wuta-wuta ce, wadda wasu ke kira ƙuduji, a Mokwa ta jihar Neja da kuma Abuja ana zuba 'ya'yanta kimanin dubu biyar masu rai a kowane rami kafin shuka. In ƙarancin taki ne, ana fara tsotse ƙarfin ƙasar ta hanyar noma ta ana kwashe kara da ganye, sa'an nan a ba masarar kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba ba ta na sinadarin naitirojin, wato wanda ke cikin takin yuriya. A Kadawa ta jihar Kano kuwa, ana shuka da rani yadda furen zai haɗu da zafin bazara.

To, me aka samu? Dakta Baffour Badu-Apraku, ɗan ƙasar Ghana da ya daɗe yana aikin masara a IITA, shi da abokan aikinsa sun tara iri 50 masu saurin nuna, waɗanda aka fitar a zamani uku, wato 1988 zuwa 2000, da 2001 zuwa 2006, da kuma 2007 zuwa 2010. Waɗannan dai marasa aure ne, amma daga irinsu ake ciro iyayen masu aure. A sakamakon da suka bayar a shekarar 2013, inda aka zuba wuta-wuta, na zamanin farko sun ba da kimanin tan biyu da rabi a hekta, na zamanin ƙarshe kuma sun haura tan 3, wato ƙarin kimanin kilo 40 a kowace shekara, kusan kashi 2 cikin ɗari. A ƙarƙashin fari kuwa, ƙarin ya tsaya ne a kashi 1 da ɗan abin da ba a rasa ba.

A gabashi da kudancin Afirka ma, masanan CIMMYT sun yi irin wannan gwaji da masara masu aure da suka fitar tsakanin shekarar 2000 da 2010, suka bayar da sakamako a 2017. Inda ruwa da taki suka wadata, ƙarin ya kai kimanin kilo 109 a hekta a kowace shekara. Inda aka rufe famfo da gangan, kimanin kilo 32. Inda farin damina ne ya zo da kansa, kimanin kilo 23. Inda taki ya yi ƙaranci, kimanin kilo 21.

Jama'a masu sauraro, yabon gwani ya zama dole. Waɗannan alkaluma sun nuna cewa aikin ba na banza ba ne, an ci gaba, kuma masanan sun faɗi sakamakonsu ba tare da ƙarin gishiri ba. Kilo 40 a shekara bai kai rabin buhu ba, amma a shekara goma buhu huɗu ne, kuma buhu huɗu a gidan talaka shi ne bambancin wanda zai kai sabuwar kaka da hatsinsa da wanda zai fara awo tun watan Yuni. Sai dai ku lura da tazarar da ke tsakanin rabin buhu a shekara da buhu 100 da ake shela. Na farko awon ci gaba ne. Na biyu kuwa labarin rana mafi kyau ce a gona mafi kyau.

Yanzu kuma bari mu duba inda shi kansa wannan awo yake da rauni, domin akwai wurare da dama.

Na farko, alkaluman da kansu sun nuna cewa, in ban da wuta-wuta, ci gaba ya fi sauri inda ba a fi bukatarsa ba. Kilo 109 ga mai taki da ruwa, kilo 21 ga wanda ƙasarsa ta gaji. Ko da kashi cikin ɗari aka lissafa, na farko kimanin 1.4 ne, na biyu kuwa kimanin 0.6. To, wane ne ya fi yawa a ƙauyukanmu, mai wadatar taki ko marar ita, musamman tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi daga shekarar 2022? Kuma a ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara, ƙarin da bai kai kashi 1 ba yana nufin baki ya fi loma saurin ƙaruwa. In aka haɗa waɗannan alkaluma aka fitar da matsakaici guda ɗaya, kamar yadda akan yi a takardun tallata shiri, to, an ɓoye wannan magana.

Na biyu, ƙanƙantar filin gwaji. Sau da yawa layi biyu ne kawai, kowanne mai tsawon mita 4, tsakaninsu santimita 75. Faɗin wurin murabba'in mita 6 ke nan, bai kai ɗakin kwana ba. Abin da aka girbe a nan shi ake ninkawa a ce ga abin da hekta za ta bayar. Ku lissafa da kanku, in ɓera ko aku ya ci goyo ɗaya mai ƙwaya giram 100, a takarda an yi asarar kimanin kilo 167 a hekta. Wato goyo ɗaya tak ya haɗiye ci gaban shekara huɗu a ƙarƙashin wuta-wuta, ko na shekara takwas a ƙasa marar taki. Masanan sun san da haka, shi ya sa suke maimaita gwajin a kuyoyi da garuruwa daban-daban. Amma maimaitawa kuɗi ce, kuma galibin irin waɗannan gwaje-gwaje damina biyu ko uku ake yi a rufe littafi. Daɗin daɗawa, a filin da aka sa wa wahala, rashin daidaiton ƙasa yakan fi fitowa fili, wannan gefe ya riƙe danshi, wancan ya bushe, sai awon ya fi yin rawa daidai inda ake son ya fi tsayuwa.

Na uku, shi kansa gwajin kaka da jika yana da son kai. Ana kawo tsohon iri a shuka shi da tazarar yau, a gaban cututtukan yau, waɗanda ba a shirya shi domin su ba. In ya faɗi, wani ɓangare na ratar ba ƙaruwar sabo ba ce, raguwar tsoho ce. Haka ne, kare amfani daga sabuwar cuta shi ma aiki ne babba, amma ba daidai yake da ƙarin buhu a rumbu ba. Ban da wannan kuma, masu binciken ne suke zaɓar irin da zai wakilci kowane zamani, kuma daga cikin nasu suke zaɓa. Ɗalibi ne yake fitar da tambayoyi, shi ne kuma yake duba takardar jarrabawarsa. Ba mu ce ana maguɗi ba, amma ko a kasuwar Dawanau ba a barin mai hatsi shi kaɗai da ma'auni.

Na huɗu, a tashar bincike wahala ɗaya-ɗaya take zuwa, a gonar manomi kuwa a tare suke sallama. Gonar da wuta-wuta ta mamaye ita ce dai wadda takinta ya ƙare, ita ce kuma ruwa zai ɗauke wa kwana goma sha biyar, ga zafi, ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara da aka fara ganinta a Najeriya a shekarar 2016. Wani nazari da aka bayar a 2011, wanda ya duba sakamakon gwajin masara fiye da dubu 20 a Afirka, ya nuna cewa duk yinin da zafi ya haura digiri 30 da digiri ɗaya, amfani yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin ɗari in akwai ruwa, in kuma ana fari ya ragu da kashi 1.7. Kazalika a 2013 masanan CIMMYT da IITA sun gano cewa irin da ya jure fari shi kaɗai, ko zafi shi kaɗai, ba lalle ne ya jure su in sun haɗu ba. Sabo da haka lambar yabon da iri ya samu a rufaffen famfon Ikenne ba ta isa ta zama shaida a Ɗambatta ba. Gwajin Kadawa mataki ne mai kyau, ana bukatar irinsa da yawa.

Na biyar, kuma shi ne mafi girma, awon yana tsayawa ne a bakin shingen tashar bincike. Ci gaban kilo 40 a shekara ba ya shiga gonar kowa sai ya canja iri. Wani binciken da aka yi a ƙasashe 13 na Afirka, aka bayar a 2017, ya nuna cewa matsakaicin shekarun irin masarar da ke hannun manoma kimanin 15 ne tun daga fitowarsa. A nan Najeriya, sunayen da manomi ya fi sani, kamar Oba Super, asalinsu yana komawa ne zuwa shekarun 1980. Wato ana tseren gudu a tasha, amma manomi yana tsaye inda aka baro shi shekara goma sha biyar. Sa'an nan ita masara mai aure sai an sake sayen irinta kowace shekara, in aka ɗebo daga rumbu aka mayar, ƙarfinta yana raguwa. Ga kuma 'yan damfara masu rina hatsi da jan launi su zuba a leda su ce ingantaccen iri ne.

An yi ƙoƙarin auna abin da ke faruwa a bayan shingen. Wani nazari da masanan IITA suka bayar a 2017, bayan sun zagaya gidajen manoma a Najeriya, ya nuna cewa waɗanda suka shuka masara mai jure fari sun samu ƙarin kimanin kashi 13 cikin ɗari, kuma hawa da saukar amfaninsu ya ragu sosai. Wannan labari ne mai daɗi, musamman ɓangarensa na biyu. Amma irin wannan bincike ya dogara ne a kan abin da manomi ya faɗa. A ƙasashen Habasha da Tanzaniya, da aka ɗebi masarar manoma aka binciki ƙwayoyin halittarta a ɗakin gwaji, an tarar da yawa daga cikinsu ba abin da suke tsammani suke shukawa ba. Wani yana cewa na zamani ne alhali na gargajiya ne, wani kuma akasin haka. Haka nan girman gona, da aka auna da na'urar tauraron ɗan Adam, an ga masu ƙananan gonaki sukan ɗauka gonarsu ta fi yadda take girma. In ba a tabbatar da sunan iri ba, ba a kuma tabbatar da faɗin gona ba, to, buhu nawa a hekta ya zama kintace.

To, mece ce mafita? A ganinmu, ba sai an jefar da awon tasha ba, a'a, a ƙara masa ƙafa ne ya fita waje. Akwai dabarun da aka riga aka gwada. Akwai wadda ake kira gwajin uwa da 'ya'ya, da aka fara a Malawi a shekarun 1990, inda ake shuka dukkan irin a babbar gona ɗaya a tsakiyar ƙauye, sa'an nan manoma su ɗauki uku ko huɗu su gwada a gonakinsu bisa yadda suka saba noma. Akwai kuma wata sabuwa, inda ake ba ɗaruruwan manoma ƙunshi uku-uku ba tare da suna ba, kowa ya shuka, ya faɗi wanda ya fi da wanda ya gaza, kwamfuta ta haɗa amsoshin. Ta haka ana jin abin da ma'aunin kilo ba ya ji, kamar ko ƙwaro yana saurin cinta a rumbu, ko tana da gari a wurin niƙa, ko tuwonta yana kwana. Uwargida ma tana da nata mudun, kuma in iri ya faɗi a nan, ba zai sake shiga gidan ba.

A Najeriya, kafin kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince da sabon iri, ana bukatar a gwada shi a tasha, da wurare daban-daban, da kuma gonakin manoma. Dokar tana da kyau. Abin da ya rage shi ne sakamakon ya fito fili da harshen da manomi zai fahimta. Maimakon adadi ɗaya na abin da iri zai iya yi, a rubuta uku a jikin leda: abin da ya bayar a gonakin manoma a matsakaici, abin da ya bayar a gonakin da suka fi shan wahala, da kuma sunan irin da aka kwatanta shi da shi. Kuma abokin karawar ya zama wanda ke cin kasuwa a yankin yanzu, ba wani rago da aka ɗauko domin a kayar ba. Ya kamata kuma a ajiye wasu tsayayyun iri da za a dinga sa wa cikin kowane gwaji shekara da shekaru, domin su zama igiyar da ke haɗa alkaluman bana da na baya, kuma a ba wata hukuma da ba ita ta ƙirƙiro irin ba damar yin nata awon. Cibiyar NAERLS ta Zariya, mai zagaya jihohi a kowace damina tana tattara rahoton amfanin gona, tana da ƙafar da za ta iya ɗaukar wani ɓangare na wannan aiki in an ba ta kayan yi. Sa'an nan masu ba da kuɗin bincike su daina tambayar iri nawa aka fitar, su koma tambayar shekarun irin da ke cikin gonaki, yana raguwa ko yana ƙaruwa.

Kai kuma mai sauraro, kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannunka. In an kawo maka sabon iri, yi tambaya uku: da wane iri aka gwada shi, a wane gari, kuma da buhun taki nawa? Ka duba alamar hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin leda, ka kankare lambar ka aika ta wayar salula domin ka tabbatar ba jabu ba ne. Kada ka juye gonarka duka a shekara ɗaya. Ware kuyya goma ka shuka sabo, goma na kusa da su ka shuka naka na da, a rana ɗaya, da taki ɗaya, da noma ɗaya. Kada ka ba baƙo gefen da ya fi taki domin karamci. In kaka ta yi, ka girbe su daban, ka busar, ka sussuke, ka auna da mudu ɗaya, ka rubuta. Ka maimaita baɗi, domin damina ɗaya ba ta isa shaida ba, kuma shekarar da ruwa ya yi gardama ita ce za ta faɗa maka gaskiyar da kake nema. In mutum goma a ƙauye ɗaya suka yi haka suka haɗa sakamakonsu, sun yi abin da Duvick ya yi a Iowa, kuma a kan ƙasar da za ta ciyar da su.

To, jama'a masu sauraro, ƙarshen shirinmu na yau ke nan. Muna fatan za ku aiko mana da wasiƙu ku gaya mana irin masarar da kuke shukawa a yankinku, da shekarun da kuka yi kuna shuka ta, da yadda ta yi a shekarar da ruwa ya ɗauke.